Karen gidana ya cije ni: a kashe shi ne, ko a bar shi?

Baban Hajara, Garwa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya raba kan mutanen gidana tun shekaranjiya, kuma tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan faɗi komai yadda ya faru, har da inda ni kaina na yi sakaci.

Ina zaune a unguwar Yelwa a nan Garwa. Shekara huɗu ke nan da ɓarayi suka haura mana katanga ana saura kwana kaɗan babbar Sallah, suka kwance raguna biyu, suka tura babur ɗina suka fice ta ƙofar baya. Bayan wannan ne wani abokin kasuwancina ya kawo mini ɗan kwikwiyo daga ƙauyensu, irin karnukan nan namu na gida masu jan gashi da dogayen ƙafafu, yara suka sa masa suna Dogari. Da rana yana ɗaure da sarƙa a gindin darbejiyar da ke bayan zaure, da dare kuma mu sake shi ya yi ta zaga gida, kuma tun da ya girma ko tsinke ba a sake ɗauka mana ba. Bai taɓa cizon kowa ba, ko baƙo ne iyakarsa haushi.

Shekaranjiya bayan sallar isha'i na je in kwance shi, ga shi an ɗauke wuta, ashe kuma uwargida ta ba shi ƙashin kan rago yana kwance a kansa ban sani ba. Na sunkuya ina laluben maƙalar sarƙar a wuyansa, sai hannuna ya gogi kunnensa. Na ji ya yi gurnani, na daka masa tsawa na ci gaba da abin da nake yi, sai kawai ya cafke mini hannun dama. Fiƙoƙinsa biyu sun shiga a gindin babban yatsa, jini ya zuba sosai, shi kuwa nan da nan ya sake ni ya koma jikin bishiya ya lafe. Na ɗauraye wurin da ruwan buta, mahaifiyata ta sa aka yanko gashin jelarsa aka ƙona aka barbaɗa mini tokar, aka ɗaure da ƙyalle. Yau hannun ya ɗan kumbura, yana zafi idan na motsa yatsan.

Uwargida ta ce kare ba zai ƙara kwana uku a gidan ba, domin autarmu Hajara shekararta uku, kuma tsayinta daidai bakinsa yake. Wana ya ce a ɗaure shi a buhu a ƙetara da shi gadar Binuwai a yar. Manyan yaran kuwa kuka suke yi. Game da rigakafi, an taɓa yi masa allura sau ɗaya kimanin shekara biyu da suka wuce, katin ma ya ɓata.

Abin da nake tambaya shi ne: tun da karena ne na gida, kuma har yanzu yana ci yana sha, dole ne sai na je an yi mini allurar haukan kare, wadda na ji ana cewa tana da tsada? Kuma karen da ya ciji mai ba shi abinci, akwai sauran amana a tare da shi?

Hajiya Ma'aikaciyar Jinya, Marwa

Wa alaikumus salam. Baban Hajara, Allah ya sawwaƙe, ya tsare gaba. Maganar makomar karen tana iya jiran gobe, amma maganar hannunka ba ta jira, saboda haka da ita kaɗai zan tsaya.

Da zarar ka karanta wannan, ka kwance ƙyallen nan ka wanke tokar, ka tara hannun a ƙarƙashin ruwa mai zuba kana cuɗa shi da sabulu har minti goma sha biyar a agogo, sannan ka zuba maganin wanke rauni irin Bétadine ko alkol na asibiti. Da a daren da abin ya faru aka yi wannan wankin, da ya fi amfani nesa ba kusa ba, domin sabulu yana lalata ƙwayar cutar haukan kare tun tana bakin rauni, amma ko yanzu zai rage dattin da ke ciki. Ina girmama Inna, na kuma san ƙauna ce ta sa ta nemo abin da ta gada a wurin iyayenta, sai dai tokar gashin kare ba ta kashe komai, abin da take yi shi ne toshe bakin raunin da ƙazanta. Haka barkono, haka garin ganye, haka baƙin dutsen nan da ake mannawa a saran maciji.

Bayan wankin, ka tafi asibiti yau ɗin nan. Ku mutanen Garwa kun yi sa'a, domin Cibiyar Pasteur ta Kamaru tana da reshe a garinku, kuma can ne aka saba tura waɗanda kare ya ciza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa irin wannan haɗuwa da dabba gida uku: taɓawa ko lasa a lafiyayyar fata, sai ƙarzuwa marar jini, sai cizon da ya huda fata. Naka na ukun ne, kuma a hannu, inda jijiyoyi suka yi yawa. Ƙwayar cutar ba ta bin jini, jijiya take bi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa cizon fuska da wuya da yatsu ya fi na cinya hatsari. Galibi takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alamu su fito, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kuma a tsawon wannan lokaci mutum garau yake jin kansa, raunin ma ya warke ya manta da shi. Ranar da ya fara jin ƙaiƙayi ko tsikari a tabon, ya ga ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe, iska ta taɓa shi ya zabura, to a ranar babu abin da likita ya rage da shi sai sauƙaƙa masa wahala. Na tsaya a kan irin wannan gado sau biyu a rayuwar aikina, ba na fatan na uku.

Kada kwana biyun da suka wuce su sa ka ce ai lokaci ya ƙure. Ana fara allurar ko da makonni sun shuɗe, muddin alamu ba su bayyana ba. Ba sau ɗaya ake yin ta ba: akwai tsarin da ake yin biyu a ranar farko, ɗaya a rana ta 7, ɗaya a rana ta 21, akwai kuma gajeren tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2018, wanda ake yi a cikin fata a ranar farko da ta 3 da ta 7. Duk wanda suka ɗora ka a kai, ka kiyaye ranakun kamar yadda kake kiyaye ranar biyan bashi. A dantse ake yin ta, ba a ɗuwawu ba. Ga cizo irin naka akwai kuma wata allura dabam da ake kira siram, wadda ake tsirawa a cikin raunin da kewayensa don ta tare cutar kafin jiki ya haɗa garkuwarsa. Ka tambaye su, domin ba ta da amfani bayan kwana bakwai da fara rigakafin.

Kumburin da ka ambata kuma wata matsala ce mai zaman kanta. Bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta, fiƙa kuwa tana tura su can ƙasa kusa da gaɓa, bakin raunin ya rufe a kansu. Mai yiwuwa a rubuta maka maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kuma yi maka allurar tetanus idan ka daɗe ba ka yi ba. Kada ka matsa a ɗinke wurin, irin wannan rauni a buɗe ake so ya zauna. Idan ka ga jan layi yana hawa dantse, ko mugunya, ko zazzaɓi, ka koma ko da tsakar dare ne.

Maganar tsada gaskiya ce, ba zan ɓoye maka ba. Amma allurar da aka yi wa kare sau ɗaya shekara biyu da suka wuce, babu kati babu maimaici, ba abin da za ka jingina ranka a kai ba ne, musamman ga karen da ake saki da dare, wanda ba ka san da wa ya haɗu a bakin magudanar ruwa ba.

Tsohon Ma'aikacin Dabbobi, Ngaundare

Ɗana, duk abin da Hajiya ta faɗa ka bi shi ba ragi. Ni kuma zan yi magana a kan karen, domin shekaru masu yawa na yi ina duba karnukan da suka ciji mutane kafin in ajiye aiki.

Shawarar da wanka ya bayar ta a yar da karen a ƙetaren gada ita ce mafi hatsari a cikin duk waɗanda aka ba ka, ka gaya masa haka cikin ladabi. Karen nan a yanzu shi ne shaidarka. Ƙwayar haukan kare ba ta sauka a miyau sai 'yan kwanaki kafin ciwon ya bayyana a jikin dabbar, kuma da zarar ya bayyana kare ba ya daɗewa yake mutuwa. Saboda haka idan kare ya ciji mutum ya kuma cika kwana goma yana cin abincinsa lafiya lau, to a ranar da ya yi cizon babu cutar a bakinsa. Kwana goma shi ne ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu da muka tashi a kan tsarin Faransa kwana goma sha biyar muke sawa, a kai shi wurin likitan dabbobi sau uku, a farko da tsakiya da ƙarshe, a ba ka takarda. Idan aka yar da shi a ƙetaren gada, ka rasa wannan shaida, za ka zauna cikin zulumi wata da watanni, in kuwa yana ɗauke da cutar, ka kai wa 'ya'yan wasu abin da kake gudar wa taka. Ka lura da kyau: wannan tsarewa ba ta ɗage maka zuwa allura. Tare ake tafiya da su, kuma likitanka ne kaɗai zai ce a tsaya ko a ƙarasa bayan ya ga takardar likitan dabbobi.

Ka sami ɗakin ajiya ko wani lungu mai ƙofa ka kulle shi, inda yaro ko akuya ko wani kare ba zai kai gare shi ba, mutum ɗaya babba ya riƙa tura masa abinci da ruwa ba tare da ya sa hannu ba. Ka je ofishin ma'aikatar kiwo da ke kusa da ku ka ba da rahoto. Abin da za ka sa wa ido shi ne sauyin hali: ya daina ci, ko ya riƙa tauna ƙasa da itace da ƙarfe, muryar haushinsa ta dushe, dalala ta riƙa zuba, ƙafafun baya su riƙa harɗewa. Mutane sun ɗauka mahaukacin kare sai wanda ke gudu yana cizon duk abin da ya gani, alhali akwai wanda shiru yake yi, haɓarsa ta saki baki ya zauna a buɗe kamar ƙashi ya maƙale masa. Na san mutanen da suka zura hannu don su ciro wannan ƙashin da babu shi. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko ya mutu a tsare, kada a binne shi a ɓoye, kada kuma a fasa masa kai, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa. LANAVET, wato cibiyar gwaje-gwajen cututtukan dabbobi ta ƙasa, tana nan Bokle kusa da ku, ma'aikatan dabbobi sun san yadda ake kai samfuri can cikin ƙanƙara.

Yanzu ga tambayarka ta amana. Ruwa ba ya tsami banza, kuma labarin da ka bayar da bakinka ya ƙunshi dalilai har huɗu a wuri ɗaya: duhu, da ƙashi a gabansa, da sarƙar da ta hana shi matsawa, da hannu a kunnensa. Kunnen nan na fi zargi. Karnukanmu da ke wuni a ɗaure ƙudaje suna cin bakin kunnuwansu har su zama gyambo, kaska kuma tana shiga can ciki ta taru, kuma kare ba shi da bakin da zai ce maka nan ke yi mini ciwo. Ya gaya maka da harshen da yake da shi, wato gurnani, ka amsa masa da tsawa. Ba ina ɗora maka laifi ba ne, kusan kowa haka yake yi. Sai dai yadda ya ciza sau ɗaya ya saki ya ja da baya ya lafe, ya fi kama da dabbar da ke cewa a ƙyale ta, bai yi kama da wadda ta tashi da niyyar yaga mutum ba. Karen da nake jin tsoro shi ne wanda ke cizo babu gargaɗi, ya riƙe yana girgiza kai, ko ya saki ya sake kamawa, ko ya bi mutum bayan mutumin ya ja da baya.

Saboda haka kada ka bari kowa ya doke shi da sunan horo. Dukan da aka yi bayan kwana biyu kare bai san na mene ne ba, abin da zai koya kawai shi ne hannun mutum abin tsoro ne. Wanda kuma ake duka saboda gurnani yakan daina gurnanin, ya wuce kai tsaye zuwa cizo, ka ga an cire ƙararrawa an bar wutar.

Idan ya fita kwanakinsa lafiya kuka yanke shawarar riƙe shi, to zaman ba zai koma yadda yake da ba. A yi maganin kunnen, a yi masa rigakafi a kuma riƙa maimaitawa duk shekara, katin ya zauna tare da takardun haihuwar yara. A bar sarƙa a kewaye masa fili da waya mai ƙofa da sakata, a cikin inuwa, da ruwa a gabansa kullum, domin zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ko mutum gajeren haƙuri yake sa shi. A can ciki zai riƙa cin abinci shi kaɗai, ba mai kusantarsa sai ya gama, kuma a daina ba shi ƙashin da zai kwana yana gadi. A saya masa takunkumi a saba masa da shi don ranar magani. Hajara kuwa ba za ta zauna da shi ba babba a wurin ko na ƙiftawar ido, kuma wannan doka ce ga kowane kare, ko da bai taɓa cizo ba. In kun ga ba za ku iya wannan ba, babu abin kunya a ciki. Amma duk wanda za ka ba shi, ka gaya masa ya taɓa cizo, da yadda abin ya faru. Ka kuma sani cewa sashe na 1385 na dokar farar hula da ake aiki da ita a nan ya ɗora wa mai dabba alhakin ɓarnar da ta yi, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce.

Ɗan Kasuwa, Njamena

Baba ya yi bayani na masu ilimi, kuma a kan kwana goma sha biyar ɗin ba ni da ja. Amma a kan abin da zai biyo baya, ina neman afuwa, ni ina bayan uwargida.

Dalilina shi ne abin da na gani da idona. Wani maƙwabcina yana da kare irin wannan, wanda ya taɓa cafkar ƙaninsa a kan abinci, aka ce ai tsautsayi ne, aka yi alkawarin za a kiyaye. An kiyaye wata biyu ko uku. Ranar wani suna gida ya cika da mata, wani ya bar ƙofa a buɗe, yarinya 'yar shekara huɗu ta je ɗaukar ƙashin da ya faɗi kusa da shi. Ba haukan kare ba ne, lafiyarsa ƙalau, amma har yau tabon yana kumatunta, kuma yanzu ta isa aure. Sharuɗɗan da Baba ya lissafa daidai ne a gidan mutum biyu ko uku. Gidajenmu kuwa akwai almajirai masu shigowa karɓar abinci, akwai 'ya'yan maƙwabta, akwai baƙi daga ƙauye da ba su san dokar gida ba. Babban mutum ya tara hannu, yaro fuska yake tarawa. Kuma uwargida ce ke wuni a gidan, kai kana kasuwa; wanda zai ɗauki nauyin tsaro shi ya kamata a fi jin maganarsa.

Game da rigakafi kuwa, ina so in ƙarfafa abin da aka faɗa da abin da ya faru a garinmu. A 2012 da 2013 an bi unguwannin Njamena ana yi wa karnuka allura kyauta, da haɗin gwiwar cibiyar binciken dabbobi ta unguwar Farsha da wata cibiyar bincike ta ƙasar Suwizalan. An yi wa sama da dubu 18 a shekarar farko, sama da dubu 22 a ta biyu, wato fiye da kashi 70 cikin ɗari na karnukan birnin, wanda shi ne adadin da masana suka ce yana yanke yaɗuwar cutar. Kuma ta yanke ɗin, aka yi wata da watanni a 2014 ba a sami mahaukacin kare ba, sai daga baya ta dawo ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga wajen gari. Wannan ne ya sa buhun da wanka yake magana ya tayar mini da hankali, domin da irinsa ake ɗaukar cuta daga wannan gari a kai wancan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum dubu 59 ke mutuwa da ita duk shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar. Yaro yakan ɓoye ƙarzuwar kare don tsoron faɗa, saboda haka ka tara naka ka tambaye su a hankali ko ya taɓa yaƙushin wani ko lasar masa ciwo a 'yan kwanakin nan.

Almajirin Malam, Kusuri

Allah ya ba Malam lafiya. Na san a irin wannan lokaci ba a rasa mai cewa ai dama ajiye kare haramun ne, ga sakamakonsa. Maganar tana da fuska fiye da haka. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, amma ya togace karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan buƙata ta tabbata. Masu sharhin Risala sun kawo cewa marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Wanda aka haura wa katanga aka kwashe masa dukiya yana da uzurinsa.

Haka kuma gaskiya ne cewa kare mai cizon mutane yana cikin dabbobi biyar da hadisi ya halatta kashewa ko a Harami. Sai dai abin da ake nufi shi ne wanda cizo da far wa mutane ya zama ɗabi'arsa, kuma tantance wannan a kan kare guda aikin masu sanin dabbobi ne irin su Baba. Abin da fiƙihunmu na Malikiyya ya fito da shi sarai shi ne, mai kare mai cizo idan an riga an gargaɗe shi, to lamunin abin da karen ya ɓata yana wuyansa. Kai kuwa gargaɗin ya zo maka a hannunka. Idan an kai ga dole sai an kashe shi, an umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa, saboda haka likitan dabbobi ya yi da allura, ba jifa ko guba ko rataya ba. A kwanakin da yake kulle kuma ci da shansa suna wuyanka, ka tuna da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar da ita ba.

Baban Hajara, Garwa

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri, ku gafarce ni da jinkirin amsa, rubutu da hannun hagu ba sauƙi.

Hajiya, a ranar da na karanta saƙonki na yi wankin, na tafi inda kika kwatanta. An buɗe raunin an sake wanke shi, an fara mini allurar, an yi ta tetanus, an rubuta mini ƙwayoyi na sha, kuma kumburin ya saɓe. Kuɗin ya taɓa jarina, sai da na ɗage sarin kayan wannan mako. Inna ba ta ji daɗin wanke tokar ba, amma da na gaya mata abin da kika gani a gadon asibiti, ita ce yanzu ke tuna mini ranar komawa.

Baba, zarginka ya tabbata. Da aka sa masa takunkumi likitan dabbobi ya duba kunnen hagu, kaska ce cunkushe a ciki har wurin ya ruɓe yana wari, ga bakin kunnen duk ƙudaje sun cinye. Na ji kunya ƙwarai, domin na fi wata ina ganin yana karkata kai yana sosawa da ƙafa, ban taɓa tsayawa na duba ba. Yau kwanansa tara a ɗakin ajiya, an kai shi dubawa ta biyu, yana cin tuwonsa yana shan ruwa, muryarsa ba ta sauya ba. Na tambayi yaran kamar yadda ɗan'uwanmu na Njamena ya ce, babu wanda ya taɓa.

Maganar zamansa kuwa, na zauna da uwargida na karanta mata amsoshin duka, har da wadda ta goyi bayanta. Ta ce ta yarda ciwo ne ya sa shi, ta kuma janye maganar kisa, amma ba za ta iya girki da wanki tana waigen sakata ba, ni kuma ban ga abin da zan ce mata ba. Wani ƙanen mahaifina yana da lambu a bakin Binuwai inda ɓarayi ke damunsa da satar injin ban ruwa, babu ƙananan yara a wurin sai shi da ma'aikatansa biyu. Na gaya masa duk abin da ya faru, na nuna masa hannun, ya ce yana so. Mun shirya sai an cika kwana goma sha biyar an ba ni takarda, an yi masa rigakafi, kunnen ya warke, sannan in saya waya mu kewaye masa wuri a can kafin a kai shi. A gida kuma na kira magini ya ƙara wa katangar baya bulo uku.

Baba, saura tambaya ɗaya: da yake yanzu yana shan maganin kunne, za a iya yi masa allurar rigakafin a ranar da ya cika kwanakin, ko sai ya gama maganin tukuna?